Tarihin Yankan Kachala a Dausayin Haɗeja da Nguru

Yankan kachala sabon shiga ne cikin ayyukan shekara na mutanen dausayin Haɗeja da Nguru. Kakanninsu ba su san shi a matsayin aiki ba. Dausayin yana inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa tsakanin jigayin yashi kafin su haɗu su zama kogin Yobe, mafi yawansa a jihohin Jigawa da Yobe. Kachala kuwa doguwar ciyawar ruwa ce da ke wuce mutum tsawo nesa ba kusa ba. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, irinta kuma iska ke ɗauka.

Tun da can akwai ta a wasu 'yan wurare, sai dai ba ta samu sakewa ba. Ruwa yakan cika fadamu a tsakiyar damina, ya fara janyewa da kaka, kafin bazara ƙasa ta bushe ta tsage. Manomi ya girbe shinkafa, ya bi sawun ruwa da wake, masunta su kwashi kifi, sannan Fulani su sauko da shanu. Kachala ba ta jure doguwar bushewa, don haka rani ne ke yi wa mutane aikin kashe ta, ba tare da an ɗaga lauje ba.

Madatsun ruwa ne suka sauya wannan tsari. An kammala ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a jihar Kano. Ambaliyar damina ta ragu, sannan aka riƙa sako ruwa da rani saboda noman rani da ruwan sha na birnin Kano. Sai ya zama wasu magudanai ba sa bushewa ko kaɗan, ruwa ne mara zurfi mara gudu duk shekara, wanda shi ne ainihin abin da kachala ke so. Ta cika magudanai, ta tare yashi da laka, lakar ta ƙara mata wurin zama. Kogin Kafin Hausa da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma da tafkin Nguru. Abin takaicin shi ne, ciyawa guda ta jawo masifa iri biyu: wasu garuruwa gonakinsu na nutsewa, wasu a can ƙasa suna jiran ruwan da bai iso ba. Ga kuma tsuntsun jan-baki da ke sheƙa a cikinta yana afka wa gero da dawa da shinkafa.

Masu kula da muhalli su ma abin ya shafe su, domin tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai a lokacin sanyi buɗaɗɗen ruwa suke nema. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin tare da ƙungiyoyi irin su IUCN. Wurin tsuntsaye na Dagona yana cikin gandun ƙasa na yankin Tafkin Chadi, kuma a 2000 tafkin Nguru da magudanar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar.

Amma a bakin ruwa, gayya ce ta ɗauki nauyin aikin. Kafin saukar damina, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, masu unguwanni da sarakunan ruwa kan tara matasa, wani lokaci daga ƙauyuka da dama da ke shan magudana ɗaya. A shiga da lauje da adda, wasu a kwalekwale, wasu ruwa iya ƙirji, a yanka, a jawo gaɓa. Haɗin kan ƙauyukan dole ne, don idan na sama sun share na ƙasa ba su share ba, ruwa ba ya wucewa. Aiki ne mai haɗari: matsattsaku, macizai, kaifin ganye, ga tsargiya da ke biyo bayan daɗewa a ruwa.

Da farko an dogara ga wuta, aka ga ƙuna na cin ganye ne kawai, saiwar tana nan, nan da 'yan makonni ta tofo. Dabarar da ta fi tasiri ita ce yanka a ƙarƙashin ruwa. Ta ganyen da ke sama ciyawar ke kai iska zuwa saiwarta, idan aka datse ta ruwa ya rufe kututturen, sai ta shaƙe. Ko wannan ma sai an maimaita.

Daga baya gwamnatoci da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are sun shigo da injinan yashe da ke iya aiki cikin ruwa. Suna buɗe a kwanaki abin da gayya za ta yi wata tana yi, amma suna cin mai da kuɗin gyara, kuma ba sa kaiwa ƙananan magudanai. An kuma gwada mayar da ciyawar abincin dabbobi da iskar gas ta girki, a wani bincike da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta shiga. A kwarin kogin Senegal, inda madatsar Diama ta 1986 ta haifar da irin wannan matsala, gawayi ake yi da ita.