Yadda Direbobin Na'urori Ke Ƙaura Tsakanin Manhajojin Kwamfuta Masu Tushe Ɗaya

Direba, a yaren masu kwamfuta, ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin babbar manhajar gudanar da kwamfuta da wani sashe na na'urar, kamar katin intanet ko na hoto ko firinta. Ita ke mayar da umarni zuwa saƙon da sashen zai gane. In babu ita, sashen yana nan a jiki amma ba ya aiki.

Ana rubuta direba ne daidai da cibiyar manhaja guda, wato ɓangaren da ke rabon ma'adana da lokaci, kuma kowace cibiya da nata ƙa'idojin. Shi ya sa direban Windows ba ya aiki kai tsaye a Linux. Hatta a cikin Linux, ana sauya ƙa'idojin cikin gida da gangan daga fitowa zuwa fitowa, don haka direban da ba a shigar da shi cikin asalin rubutun cibiyar ba yakan lalace.

Ƙaura ta fi sauƙi tsakanin dangi. FreeBSD da NetBSD sun fito a 1993 daga tushen BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sannan OpenBSD ta ɓalle daga NetBSD a 1995. Saboda gadon da suka yi tarayya a kai da kuma lasisinsu mai sassauci, direbobi kan zagaya tsakaninsu. Duk da haka aikin ba kwafe ba ne kawai: FreeBSD na gano na'urori da tsarin da ake kira newbus, sauran biyun kuwa da autoconf, dole a sake rubuta wannan ɓangaren. A nasa gidan, kamfanin Microsoft ya fito da tsarin WDM domin direba ɗaya ya yi aiki a Windows 98 da Windows 2000.

Inda dangantaka ta yi nisa, akan gina shimfiɗa mai kwaikwayon cibiyar da aka rubuta direban dominta. NDISwrapper ya ba masu Linux damar amfani da direbobin Wi-Fi na Windows, kuma FreeBSD na dogara da LinuxKPI wajen ɗauko direbobin hoto na Intel da AMD daga Linux. Dabara ce mai rage wahala, sai dai mai aro kullum yana bayan mai abu, domin duk sauyin da aka yi can sai ya bi sahu.

Wani lokacin lasisi ya fi fasaha tsauri. Ana iya shigar da rubutun BSD cikin Linux, amma lasisin GPL ya hana a ɗauki rubutun Linux a sa masa lasisin BSD ba da izinin mai shi ba. A 2007 aka gano rubutun GPL a cikin direban bcw na katin Broadcom da ake haɗawa a OpenBSD, kuma bayan cacar baki a bainar jama'a aka cire direban baki ɗaya.