Gubar Dalma a Zamfara da Giɓin da Ke Cikin Dokar Ma'adinai

Neman zinare ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Zamfara. An yi ta tun zamanin Turawa, ta yi tashe a shekarun 1930, sannan ta ja baya. Da farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi bayan 2008, manoman Anka da Bukkuyum suka koma ramuka gadan-gadan. Sai dai dutsen da suke fasowa cike yake da dalma. Akan kai shi cikin gari a zuba a injin niƙa, mata su daka wani a turmi, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, MSF, ta gano cewa jijjigar da ke kashe yara a Dareta da 'Yargalma ta wuce zazzaɓin cizon sauro. Kimanin yara 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu.

Abin lura shi ne bala'in ya auku alhali akwai doka. A 2007 aka zartar da dokar ma'adinai, a shekarar kuma aka kafa hukumar NESREA mai kula da muhalli. Amma dokar ta fi ƙarfi a kan lasisi da mallakar filin haƙa, kuma tanadin da ta yi wa ƙananan masu haƙa ya rataya ne ga yin rajistar ƙungiya, abin da yawancinsu ba su yi ba. Ikon ma'adinai na hannun tarayya, ƙurar kuwa a ƙauye take tashi. Shi ya sa Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, sannan a 2015 gubar ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Wasu za su ce tsaurara doka toshe wa talaka hanyar abinci ne, kuma wanda aka hana a sarari zai koma yi a ɓoye. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, domin haramcin haƙa da gwamnatin tarayya ta sanya a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage a ƙarshen 2024, bai rufe ramukan ba. To amma wannan hujja ce a kan hani na kai-tsaye kawai. Abin da ya kashe yaran shi ne niƙa busasshen dutse a cikin gida, kuma wannan yana gyaruwa: a jiƙa dutsen kafin niƙa, a keɓe wurin aiki nesa da gari, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga iyalinsa.

Nijeriya ta taɓa nuna tana iya hanzari. Da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, a shekarar aka kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai-da-rai. Irin wannan himma ake buƙata yanzu: doka ta haramta niƙan dutsen ma'adinai a unguwanni, ta wajabta gwajin jinin yara a yankunan haƙa, ta ware asusun share ƙasa daga harajin zinare, ta kuma ba jihohi da hakimai ikon aiwatarwa, tunda su ne suka san gidan da injin yake.