Taɓin Hankali Cuta Ce Mai Magani

Taɓin hankali rashin lafiya ne kamar hawan jini ko ciwon suga, kuma ana samun sauƙi idan an je asibiti da wuri. Sai dai tsoron gori, da gudun kada a ƙi auren 'ya'yan gidan, kan sa iyali su ɓoye majinyaci a ɗaka ko su sa masa mari, har ciwon ya tsananta.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta haramta nuna musu wariya. Akwai asibitocin ƙwararru a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da limamai da su hana yara jifa da tsokana, su kuma taimaka a kai majinyaci asibiti mafi kusa.