Fassarar Da Ba Ta Da Takardar Izini: Daga Japan Zuwa Kasuwar Mai'adua

Maƙalarmu ta wannan makon za ta faro daga nesa, amma a ƙofar gidanmu za ta sauka.

A ƙasar Japan akwai littattafan labarai na zane da ake kira manga, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar ajaminmu. Da intanet ta yaɗu, sai matasa a Amurka da Turai da suka kamu da son labaran suka gaji da jiran kamfanoni su fassara musu. Suka haɗa ƙungiyoyi: wannan ya ɗauki hoton shafukan, wancan ya goge rubutun Japananci, wani ya fassara, wani ya jera sabon rubutun, a saka a intanet kyauta. Yawancinsu ba sa karɓar ko sisi. Ta hanyarsu ne labarai da dama suka yi suna a ƙasashen da ba a taɓa kai littafinsu ba.

A watan Yunin 2010 kamfanonin buga littattafai na Japan da na Amurka suka haɗa kai suka yi barazanar shiga kotu, kuma ba a jima ba shafin OneManga, wanda yake cikin mafiya girma a lokacin, ya kwashe kayansa. A 2018 aka rufe Mangamura, wanda shi satar kai tsaye yake yi cikin Japananci. An kama mai shi a Filifin a 2019, kotu ta ɗaure shi shekara 3 a 2021. Mangastream ya ɓace a ƙarshen 2019, KissManga a 2020. A wannan shekarar ce majalisar Japan ta gyara doka, har sauke littafin sata da gangan ya zama laifi daga farkon 2021.

Kowane shafi da aka rufe, sai wasu su tsiro da sabon suna. Abin da ya salwanta shi ne gumin masu fassara na shekara da shekaru, musamman ƙananan labaran da babu kamfanin da ya damu ya fassara su. Abin da ya janye makaranta da yawa daga haramtacciyar hanya kuwa shi ne matakin da kamfanin Shueisha ya ɗauka a Janairun 2019, lokacin da ya buɗe Manga Plus, inda ake karanta sababbin babuka kyauta a ranar da suka fito a Japan.

To, mu dawo gida. Ɗauko labarin wasu a sa masa rigar Hausa tsohuwar sana'a ce a wurinmu. Alhaji Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina aka kira shi Zariya a 1936, Rupert East ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, daga ciki ya ƙera Magana Jari Ce da ya fara fitowa a 1937. Tatsuniyoyin nan tsofaffi ne, masu su sun daɗe a ƙasa, babu mai kai ƙara. Bayan haka finafinan Indiya suka mamaye silimunmu, har Kannywood ta tashi tana aron labarinsu da salon waƙarsu.

A farkon shekarun 2010 sai ga Indiya-Hausa. Ɗakunan ɗaukar murya a Kano, wanda Algaita ta fi shahara a cikinsu, suka fara ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, da karin magana da baƙar magana irin ta zauren majalisa. Tsohuwar da ba ta jin Indiyanci ko Turanci ta samu abin kallo da take fahimta. Daga faifan sidi abin ya koma memori da waya. Duk wanda ya san kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya san rumfunan caji da turi, inda mai sayar da rago zai cika wayarsa da fim kafin ya kama hanyar Kwangwalam ya tsallaka Nijar. Ko rufe iyakar da aka yi daga 2019 zuwa 2020 bai tare wannan haja ba, domin memori ba ya bin layin kwastan. 'Yan Kannywood sun sha kukan cewa wannan fassara ta karya musu kasuwa.

Doka fa ba ta yi shiru ba. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993, sannan Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan masarautarmu ta Daura, ya sa hannu a sabuwar doka a Maris ɗin 2023. A ƙarƙashinta fassara haƙƙin mai aikin ne, sai da izininsa, kuma yana iya neman a sauke kayansa daga intanet. Haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Mu marubuta muna kallon fassarar da ba a nemi izinin kowa ba muna dariya, amma ranar da aka kwafi littafinmu aka watsa a zaurukan WhatsApp, ko aka karanta shi a YouTube ana cin kuɗi, sai mu ce Allah Ya isa. In za ka faɗi, faɗi gaskiya: haƙƙin marubucin Mumbai da na mai zanen Tokyo ɗaya ne da namu.

Sai dai asararmu za ta fi ta masu jin Turanci idan guguwar ta iso. Su an rufe musu shafi an buɗe musu wani na halal. Mu kuwa ƙofar halal ɗinmu ƙarama ce, ko da yake tashoshi irin su Arewa24 da StarTimes sun nuna cewa ana iya fassara shirin waje zuwa Hausa a nuna shi a fili. Rana guda YouTube na iya goge tashar da ta tara fassarar shekara 10.

Don haka shawararmu ga ƙungiyoyinmu ita ce mu fara da abin da ke hannunmu: tsofaffin littattafan duniya da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare, mu fassara su ba fargaba, mu koyi rubuta takardar neman izini, mu kuma sauƙaƙa wa makaranta hanyar sayen namu da kuɗin da ba zai fi ƙarfin ɗalibi ba. Masu baiwar fassara muna da su. Takarda ce kawai ta rage.

Allah Ya sa mu dace, Ya haɗa mu a mako mai zuwa.