Littafin Tumbutu a Birnin Gwandu

A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Malam Abdullahi, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu kan hanyarsa ta Tumbutu. Kuma ko da yake Sarki, mutum mai zuhudu da tsantseni, bai yarda sun gana ba, wani malami ya ara masa Tarihus Sudan, talifin Abdurrahman Sa'adi a kan daular Songai. Kwanaki ya yi duƙe yana kwafar abin da ya sawwaƙa, sai dai ya jingina littafin ga wani marubuci daban, Ahmad Baba, bisa kuskure. Ta nan Turai ta san jerin sarakunan Songai dalla-dalla.

Jama'ar Gwandu da Kalgo, ku buɗe gafakokin kakanninku, ku nemo irin waɗannan littattafai tun gara ba ta riga ku ba.