Inabi da Ruwan Zobe: Waiwaye

A ƙasar Katsina ta da, yaro ya fi jin labarin inabi a bakin malam fiye da ganinsa a kasuwa. Alƙur'ani ya ambace shi tare da dabino da zaitun da rumman, amma abin da kan iso hannu shi ne zabibi, cikin tsarabar alhazai. Abin da dajinmu ke bayarwa mai kama da shi, 'ya'yan faru ne, sai kuma dafara, wadda masana tsirrai suka ce danginsu ɗaya da inabi, ko da yake a wurinmu magina ne suka fi sanin darajarta. Lambun bakin kogin Karaduwa kuwa na albasa ne da barkono da yalo, ana ba su ruwa da jigo, guga bayan guga.

Farin 1972 zuwa 1974 shi ya sauya tunanin gwamnati game da ruwa. A 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, Karaduwa ta faɗo ƙarƙashin ta Sakkwato da Rima. A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka gama madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma: bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 3, mai riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, da niyyar shayar da kimanin hekta 8,000. A ƙarshen shekarar soja suka karɓi mulki, kuɗin mai ya ja baya, hanyoyin ruwan da za su kai shi gonaki suka tsaya a takarda. Shekara da shekaru ruwa na kwance, rana na shan rabonta.

Manoma ba su zauna jira ba. Da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa a shekarun 1990, sai bakin dam ya cika da tumatir da tattasai da albasa. Arziki ne, babu musu, amma irin wanda kan nuna gaba ɗaya, kwando ya faɗi warwas a kasuwa, manomi ya koma gida da bashin taki. A 2016 tsutsar tumatir ta nuna wa Arewa haɗarin dogara ga abu guda. A watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe, abin farin ciki ne, sai dai ruwan famfo daban, na gona daban.

Ana cikin wannan, inabi ya riga ya sami gida a kudu da mu. Shagunan birane sun saba da na kwali daga Afirka ta Kudu da Masar, amma manoman Kudan da Hunƙuyi, a arewacin Zariya, waɗanda jiharmu ɗaya da su har 1987, sun kafa rumfunan inabi har jaridu na cewa mafi yawan wanda ake nomawa a Najeriya daga can yake fitowa. Dabarar tana cikin datse rassa. A Turai sanyin hunturu ke kwantar da kurangar ta yi barci, ta farka da bazara. A nan ba ta barci, don haka wuƙar manomi ce ke gaya mata lokacin fure. Yakan auna datsarsa yadda 'ya'yan za su nuna a cikin rani, nesa da damina mai kawo ruɓa. Ke nan abin da shukar ke so shi ne busasshiyar iska, da rana, da ruwan rani wanda ba ya yankewa. Duk wanda ya san Zobe ya san ukun nan suna wurin.

Yankin Piyemonte na arewacin Italiya ya cancanci dubawa a nan. Mutanen can giya suke yi da inabinsu, wannan kuma ba hanyarmu ba ce, addini ya raba mu da ita. Nomansu ne ya dame ni. Irin da suke kira Nebbiolo yana cikin takardunsu tun ƙarni na 13, suna kuma da Barbera da Dolcetto da Moscato, kowanne an san tudun da ya fi so. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro daga Amurka ya cinye saiwar kurangun Turai, suka tsira ta hanyar aura irinsu a kan saiwar inabin Amurka. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu talauci na korar samarin tuddan Langhe na wannan yanki zuwa masana'antun Turin. Dokar 1963 ta ɗaure sunan wuri da irin da ake shukawa a cikinsa, ta yadda ba mai sayar da kaya da sunan ƙauyen Barolo sai daga gonakin da aka shata ya fito. A 2014 UNESCO ta sa waɗannan gonaki cikin kayan tarihin duniya.

Abin da suka samu, wanda manomin Zobe bai samu ba tukuna, shi ne zama lafiya a kan ƙasa ɗaya tsawon zamani. Kurangar inabi tana cin kuɗin turaku da waya kafin ta ba da ko tsaba ɗaya, sannan ta yi shekaru tana haihuwa. Mai hayar fili na rani guda ba zai dasa ta ba. Haka wanda 'yan bindiga suka hana shi kwana a ƙauyensu, kamar yadda ya sami mutanenmu da yawa a Kurfi da Safana da Dutsin-Ma a 'yan shekarun nan.

Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, da tsangayar aikin gona a cikinta. Ina ganin aikinta ne ta ɗauko rassa daga Kudan, ta dasa iri uku ko huɗu a gefen dam, ta rubuta wanda ya jure ƙasar Karaduwa da zafin Afrilu, kafin a ce wa manomi ya zuba kuɗinsa.