TARIHIN FAGGE, ZAUREN BIRNIN KANO

Kowane babban gida a ƙasar Hausa yana da zaure. A nan baƙo ya ke yin sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, kafin maigida ya fito ya ji abin da ke tafe da shi. To, in an kwatanta birnin Kano da gida, ganuwa ita ce katangarsa, zaurensa kuwa Fagge. Garin yana bayan ganuwa, gabas maso arewa da birni, yana duban Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal, Sabon Gari kuma yana gaba da shi. Nufinmu a cikin wannan ɗan littafi na tunawa da ma'aikatan En'e shi ne mu ba da labarinsa a taƙaice, don waɗanda su ke aiki a cikinsa yau su san irin ƙasar da su ke takawa.

ASALIN GARIN

Dattawa suna cewa sunan Fagge daga fage ya fito, watau fili, gama da fari ba kome a wurin sai sarari inda ayari ya ke sauka. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, aka fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa, kuma a zamanin Sarki Yakubu da ya biyo bayansa gishiri ya yawaita saboda zuwan Azbinawa. Raƙumi kuwa ba dabbar lungu ba ne. Ayarin da ya ɗauko gishirin Balma yana bukatar fili da ruwa da wurin kiwo, ga shi kuma a wancan zamani rufe ƙofofin birni a ke yi da faɗuwar rana. Saboda haka madugai suka riƙa yin zango a bakin ganuwa, su sauke gishiri da dabino da kanwa, su koma da hatsi da fatu da takalma da turkuɗin Kura wanda Buzaye su ke rawani da shi.

Inda fatake suka sauka kuwa ba a rasa fatoma mai ba su masauki, da dillali mai neman la'ada, da mahauci, da mai tuwo, da malami mai koya wa 'ya'yansu karatu. Sannu a hankali bukkoki suka zama soraye, zango ya zama gari. Wani Bature mutumin Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Azbin, ya shigo Kano cikin watan Fabrairu 1851, ya rubuta labarin cinikin da ya gani. Tun daga tushe ke nan mutanen Fagge taron dangi ne: Buzaye da Barebari da Larabawa da Hausawan wasu garuruwa, kowa da harshensa, ciniki da salla suka haɗa su.

ZUWAN TURAWA DA JIRGIN ƘASA

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingilishi suka ci Kano, aka naɗa Sarki Abbas. Turawa suka zauna a Nasarawa da Bompai, suka bar birni a hannun Sarki. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso, a 1912 aka buɗe ta sosai ga 'yan kasuwa, nan da nan cinikin gyaɗa ya tashi irin wanda ko Turawan kansu ba su zata ba, don su auduga suka sa wa rai. Kamfanoni suka kafa kantuna kusa da tasha. Aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da suka zo daga Kudu da Saliyo da bakin tekun Gwanja. Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, aka ba su wuri a Fagge ta Kudu, daga kantunansu ne kuwa Kantin Kwari ya samo asali.

Sai Fagge ta wayi gari a tsakiya: birni a bayanta, tasha da kantuna da Sabon Gari a gabanta. Bahaushen da ya zo cin rani daga Katsina ko Damagaram, ko Babarbaren da ya zo neman aikin dako ko awon gyaɗa, in bai sami shiga birni ba, nan ya ke samun ɗaki. Jama'a ta yi yawa har hukuma ta sake yanka garin layi layi, shi ya sa titunansa su ke miƙe, ba kamar lungunan cikin birni ba. Dalar gyaɗa da sunanta ya kai ko'ina, wadda Alhaji Alhasan Ɗantata ya shahara da tarawa, a filin Ƙofar Mazugal ta tsaya, dab da garin.

SHA'ANIN MULKI DA SHARI'A

A nan akwai abin da ya kamata ma'aikaci ya lura da shi. Mutanen Fagge talakawan Sarki ne, ga En'e su ke biyan haraji, gaban alkali su ke kai ƙara. Amma Sabon Gari, wanda hanya kaɗai ta raba su, yana hannun Joji, ba ruwansa da Sarki. Mutum biyu su yi ciniki a rumfa ɗaya, in gardama ta tashi sai a tsaya tambaya tukuna, wace kotu ce ta ke da ikon jin maganarsu? Haka aka zauna har 1940, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, aka bar wa mutanensa kotu ta gauraye inda wakilan kabilu su ke zama su yi hukunci bisa al'adunsu. Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa su ne a ke kira Waje, aka kuwa yi sarautar Wakilin Waje domin lura da su.

Shari'ar irin wannan gari tana da wuya, gama yawancinta ta bashi ce da amana da la'ada da gādon baƙon da ya mutu danginsa suna nesa. Ɗan gari yana da masu tsaya masa, baƙo kuwa ba shi da kowa sai alkali da abin da malamin kotu ya rubuta. In rubutun nan ya karkace, haƙƙin marayu a Agadas ko Kukawa ya salwanta ba su ma sani ba. Cikin 1968 aka ɗauke kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ga gwamnatin jiha, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi a madadinta. Suna ya sake, amma nauyin yana nan bisa wuyan waɗanda suka gāji kujerun.

WURAREN DA A KE NUNA WA BAƘO

Wanda ya zo Fagge ba ya rasa jin sunan Wapa, inda 'yan canji su ke zama. Asalin sunan na kamfanin jigilar alhazai ne wanda Alhaji Mamuda Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa a 1948, suna kai maniyyata ta mota zuwa Sudan, daga baya ta jirgin sama. Alhaji yana bukatar kuɗin ƙasar da za shi, daga nan sana'ar canji ta kafu a wurin. Akwai Kantin Kwari, wanda ya komo hannun 'yan ƙasa, ya zama kasuwar atamfa da shadda da a ke zuwa sari daga Nijar da Cadi da Kamaru. Akwai babban masallacin Jumma'a da aka gina a zamanin Sarki Ado Bayero, wanda a ke kiran mai ja masa salla Limamin Waje. Akwai kuma Kwarin Gogau, inda ruwan damina ya ke bi.

Majigi ma ta Waje ya shigo. An buɗe silimar Rex a Sabon Gari cikin 1937, daga baya aka yi Plaza a Fagge. Ran 13 ga Mayu 1951 gobara ta kama silimar El Duniya, mutum 331 suka halaka, masifar da tsofaffi su ke lissafin shekaru da ita.

SANANNUN MUTANE DA SIYASA

Garin da baƙi su ke sauka, nan sabon labari ya ke fara sauka. Samarin Fagge sun ga jarida da taron siyasa wurin maƙwabtansu, suka kafa ƙungiyoyin zumunta inda a ke tattauna halin ƙasa. Malam Abba Maikwaru na cikin manyansu, yana kuwa cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Gari ran 8 ga Agusta 1950, tare da Bello Ijumu da Maitama Sule da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da sauransu. Ba a ɓoye ba ne cewa tsakanin jam'iyyar nan da En'e an sha ɗaci, an kama mutane, an ɗaure wasu. Amma tarihi na kowa ne, kuma gyare-gyaren da aka yi daga baya a kan haraji da kotuna, da yawa daga kukansu suka taso. A Fagge har wa yau Janar Sani Abacha ya tashi, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1993 zuwa 1998, sunansa ne kuma a kan babban filin wasa na Ƙofar Mata.

Zama a tsakiya yana da nasa haɗari. Cikin Maris 1953 aka yi jayayya a majalisa a Ikko kan neman mulkin kai a 1956, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi. Da 'yan jam'iyyar Action Group, Cif Akintola na jagorarsu, suka shirya taro a Kano, sai rikici ya tashi ran 16 ga Mayu, aka kwana huɗu ana yi, mafi muninsa kuwa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka yi rauni. Mutanen da jiya su ke ciniki tare, yau ga su da makami. Ba riba aka ci ba ta kowane gefe.

TAMAULA

Abin mamaki, a cikin shekarar nan ta 1953 ne ƙungiyar tamaula mai ɗauke da sunan Kano ta tafi Ikko ta ci Lagos Dynamos 2 da 1, ta ɗauko Kofin Gwamna, wanda tun da aka fara shi a 1945 bai taɓa barin Ikko ba. Wasan ƙwallon ƙafa ta hannun 'yan makaranta da ma'aikatan reluwe da na kamfanoni ya shigo, filinsa na farko mai suna kuwa shi ne na Sabon Gari, wanda yanzu ya ke cikin ƙaramar hukumar Fagge. A nan samarin birni da na Waje suka saba zama a benci ɗaya. Raccah Rovers, mai sunan wani kamfanin gyaɗa, ta zama zakarar Nijeriya a 1978, a shekarar kuma ta kara da Fluminense ta Birazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin fili.

Cikin 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars, wadda a ke wa kirari da Masu Gida. Ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta ci kofin ƙalubale a 2019, a 2009 kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Rabi'u Ali, wanda a ke wa laƙabi da Pele, ya daɗe yana riƙe da kyaftin ɗinta. Ahmed Musa kuwa haifaffen Jos ne, ya zo Kano baƙo, ya ci ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, ya tafi Turai, ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ta Aisilan a 2018, sa'an nan ya komo wa Pillars a 2021. Wa zai ce masa baƙo a Kano yau?

ƘARSHEN MAGANA

Wanda ya bi labarin nan zai ga abu ɗaya tun daga raƙumi har jirgin sama: arzikin Fagge daga baƙi ya fito, ranar da aka ɗaga wa baƙo hannu kuwa ita ce ranar hasararta. Hausawa sun ce baƙonka Annabinka. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa ma'aikata, na kotu da na kasuwa da na ofishin ƙasa, abu biyu. Na ɗaya, a daidaita ɗan gari da baƙo wajen shari'a da rabon rumfa da fuloti. Na biyu, a kula da tsofaffin littattafan kotu da na haraji da su ke kwance cikin ɗakunan ajiya, gara da ruwan sama suna cinsu, gama a cikinsu sunayen waɗanda suka gina garin su ke. Dalar gyaɗa ta tafi, silimomi sun zama kantuna, in takardun nan suka bi su, jikokinmu ba su da inda za su duba.

Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da Kano da baƙinta lafiya. Amin.